Tankari da Kayan Kunun Zaƙi

Duk wanda ya zauna a unguwar Dengfeng a shekarun da muka yi a Guangzhou, in ka ambaci Tankari zai ce, "Mai kunu?" To ni na san shi tun bai san ta inda ake riƙe ludayi ba, kuma a ɗakina aka yi ɓarnar da ta mai da shi mai kunu. Saboda haka in ana labarinsa a bar ni in yi, don sauran duk ji suka yi.

Mutumin Maraɗi ne, gajere, mai faɗin ƙirji, kuma ko kana gabansa sai ya yi maka magana kamar kana ƙetaren titi. Sana'arsa ɗaurin kaya. Tun yana yaro ya fara a kasuwar garinsu, daga nan wani alhaji ya ja shi Kano, ya ja shi Kwatano, har dai a 2003 ya tsinci kansa a ƙasar Sin. Alhajin ya koma gida, Tankari ya zauna. In 'yan kasuwarmu sun kwaso riguna a kasuwar Shahe ko ta Shisanhang, shi ake kira. Zai hau tulin kaya da gwiwa, ya danne, ya ja igiya, sai ka ga abin da ya cika ɗaki ya koma 'yan dila a kusurwa. Ba a taɓa cewa ɗaurinsa ya kwance a hanya ba.

Aibinsa ɗaya, in har aibi ne: ba ya iya wuce abu mai maɓalli. Agogo mai kiran salla, tocila mai rediyo a ciki, hula mai 'yar fanka a goshi, duk ya saya. Ya kawo, ya tara mu, ya danna nan ya danna can, baki har kunne. Bayan sati ka tarar da abin a ƙarƙashin gado.

Ni kuwa sunana Suleiman. Ɗalibi ne a lokacin, ina kuma yi wa 'yan kasuwa tafinta in samu na shayi. Ɗakina yana saman nasa a wani tsohon bene mai ƙunƙuntar matattakala. Ranar da ya ji ni Bahaɗeje ne, shi kuma jinin Katsinawa, shi ke nan na shiga uku. Bai ƙara kirana da sunana ba, sai "bawana", ni ma ban taɓa barin ta kwana ba.

A farkon 2006 ya je gida ya dawo da amaryarsa Raliya, doguwa, mai kazar-kazar, wadda kafin a ce me ta iya cinikin kifi da yatsu. Sai zafi ya shigo, ciki kuma ya shigo tare da shi. Wanda bai yi bazara a Guangzhou ba kada ya yi mini maganar zafi. Namu na gida ƙona ka yake yi ya bar ka, nasu kuwa jiƙa ka yake yi, ka fito daga wanka kana neman wani wankan. Ga ƙaurin man suya da tafarnuwa daga kowace taga. Laulayi ya kwantar da Raliya, ko ruwa ta sha sai ya dawo. An kai ta asibiti an ƙara mata ruwa, an sake kai ta. Ta rame har zobe yana zamewa daga yatsanta.

Ana cikin haka gwaggonta, Hajiya Fasuma, ta iso sayen leshi da takalma. Ta shiga ta ga yarinyar, ta fito ta tsare Tankari a bakin ƙofa.

"Tankari, ɗiyar mutane ka kawo nan ta ƙare? In na gama lodin kayana, da ita za ni tahi. Ta haihu gaban uwatta."

Ba a musu da Hajiya Fasuma, kuma gaskiya ta faɗa. Amma Tankari ya san in Raliya ta tafi, ba maganar wata biyu ba ce. Sai ta haihu, ta gama wanka, yaro ya yi ƙwari, sannan a shiga fafutukar biza, wadda a lokacin ta fara wuya. Sai ya yi shekaru bai ga matarsa da abin da ta haifa ba. Ya hau sama ya same ni, ya zauna a bakin katifa. Ranar ce ta farko da ya shigo ɗakina bai tsokane ni ba, kuma wallahi tausayinsa ya kama ni.

Washegari da hantsi sai ga shi ya banko ƙofa.

"Bawana, tashi! Ta yi magana!"

"Wa?"

"Raliya mana! Ta ce abu guda ranta ke so duk duniya, kunun zaƙi irin na Inna. Wanda ba a sa ma sukari, zaƙin daga jikin hatsin shike hitowa. In ta sha wanga ya zamna, Hajiya ba ta da ta cewa. Wala!"

Wannan "wala" tasu ta Faransanci, in Tankari ya faɗe ta, magana ta ƙare.

Na ce, "To wa zai dama? Kai?"

"Ni da kai. Kuma nan ɗakinka. Ba ni so ta sani, kada ta sa rai abin bai yi ba."

Na buɗe baki zan ce ina da jarrabawa, na ga yadda idonsa ke ƙyalli, na rufe.

Gero ne matsala ta farko. Na Sinawa ƙanana ne, rawaya, Tankari ya murza a tafin hannu ya ce wannan abincin kanari ne. Sai ya tuna Hajiya Fasuma ba ta tafiya ko'ina babu geron furarta a ƙasan akwati. Ya je ya yi ta lallaɓa ta har ta auno masa tiya biyu, tana mita, ba ta ma san me zai yi da shi ba. Wannan shi ne duk geron gida da ke hannunmu.

Matsala ta biyu, ba wanda ya san yadda ake yi a cikinmu. Dole a kira Inna, mahaifiyar Raliya. Muka gangara shagon waya na bakin layi, aka ba mu ɗan akurkin da ake shiga, aka buga Maraɗi. Jama'a, da idona na ga Tankari ya tuɓe takalmi ya durƙusa a cikin akurkin nan, yana gaida matar da ke wata duniya, ba ta ganinsa. Gaisuwa kaɗai ta kusa cinye katin wayar da muka saya. Ya tambayi gida, ya tambayi damina, ya tambayi awaki. Da ƙyar ya iya cewa wai "mutanen gidan" ne ke sha'awar kunu. Ita ma Innar kunya ta hana ta sakewa da surukinta, ta zubo bayanin a numfashi ɗaya: a jiƙa gero, a tsirar da kaɗan a shanya, a niƙa, a dama da tafasasshen ruwa, in ya huce a zuba tsiron, a rufe ya kwana, a tace.

Na matso kunnensa na ce, "Tambaye ta hucewa kamar yaya? A cikin me zai kwana?"

Ya toshe bakin wayar ya harare ni. "In tsare surukata da tambaya kamar ɗan sanda? Ku Haɗejawa ba ku da kunya."

Ya ci gaba da "to, Inna, madalla, Inna" har layin ya yanke.

Da safe muka hau bas zuwa babbar kasuwar kayan kicin da ke wajen Panyu. Ban taɓa ganin Tankari cikin murna irin ta ranar ba. Layi-layi ne na tukwane da injuna iya ganinka, ƙarfe yana walƙiya ta ko'ina, shi kuma yana gaba ina binsa a baya kamar raƙumi da akala. Duk shagon da ya leƙa sai ya daka wa mai shi "Nihaw, lawban!" da ƙarfi, wato sannu mai gida, sannan ya juyo ya ce in faɗi sauran.

Injin niƙa muka fara nema. A shagon farko ya ga wani na markaɗe mai maɓallai reras, kowanne da fitilarsa. Nan take ya rungume shi. Na ce masa wuƙa ce a ciki, sara take yi, ba za ta ba da ƙullu mai laushi ba. Ya ce baƙin ciki nake yi masa. Muna wannan ja-in-ja wata mata mai shagon da ke kallonmu, gajeruwa da tabarau a goshi, ta yafito mu. Ta nuna mana irin injin da suke niƙa waken suya da shi don abin shansu na safe. Ba shi da ado ko kaɗan. Duwatsu biyu ne a ciki, maɓalli ɗaya tak.

"Guda?" in ji Tankari, ransa a ɓace.

Matar ta ɗebo jiƙaƙƙen wake a roba, ta zuba, ta danna. Ƙullu ya gangaro fari sol. Tankari ya tara yatsa, ya murza, ya sake murzawa, sai ya daka tsalle.

"Bawana! Wanga dutsen niƙa ne aka sa ma lantarki!"

Daga nan ba mu ƙara barin shagonta ba, sai dai mu fita mu dawo.

A wajen tukunya ma sai da muka yi. Ya nuna wata wadda za ta dafa shinkafar ɗaurin aure. Na tuna masa murhuna kai ɗaya ne, kuma tukunyar ba za ta bi matattakalarmu ba sai an fasa bango. Ya sauko zuwa matsakaiciya, amma fa ba kowace ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa gindinsu da yatsa, kunne a kare, kamar mai sayen kankana. Ya ce shi ya ɗaure tukwane sun fi a ƙirga, ya san wadda ke loɓawa tun a kwantena. Ya zaɓi mai kaurin gindi, ya ce wannan ba za ta kama ba.

Fayafayan shanya tsiro ba su ba mu wuya ba, akwai na gora, manya, masu kyau. Muciya ce ta wahalar da mu. Duk inda na kwatanta sai a girgiza kai a ce "meyo", wato babu. Mun sha "meyo" har Tankari ya fara rigan masu shago faɗa. A ƙarshe muka samo wani dogon katako mai faɗin kai da ake juya shinkafa da shi a manyan otel. Ya saɓa shi a kafaɗa, ya ce ko Inna ta gani sai ta yaba.

Wajen abin tace kunu ne na sara masa. Matar ta fito da rariyar ƙarfe iri-iri, ya ture su gefe. Ta kawo ƙyallen da suke tace awara da shi. Nan fa aka zo gidansa, don yadi dai ba a yi wa Tankari bayani. Ya ɗaga shi a haske, ya ja ta tsaye, ya ja ta kwance, ya hura iska ta ciki ya tara tafin hannu a baya. Ya mayar da na farko, ya ce dusa za ta wuce. Ya mayar da na biyu, ya ce ko ruwa ba zai wuce ba. Na uku ya naɗe ya sa a aljihun gaba.

Da mun tsaya a nan, da ɗakina ya tsira. Amma idonsa ya hango can cikin shagon, inda aka jera wasu kaya masu ɗaukar ido: bututun jan ƙarfe a nannaɗe, manyan kwalabe masu lanƙwasasshen tsinke a baki, da wasu duroma masu agogo a jiki. Ya nufe su jiki na rawa, ya ce in tambaya na mene ne.

Na tambaya. Na ce, "Na masu yin giya ne."

Ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. "A'uzu billahi!"

Matar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce to mu me za mu yi da duk wannan kaya? Na kwatanta mata yadda Inna ta faɗa. Ta gyaɗa kai ta ce ai mota ɗaya muka hau da masu giyar. Su ma tsirar da hatsi suke yi, su niƙa, su zuba ruwan zafi, su jira ya yi zaƙi. Bambancin kawai, mu a nan muke sauka, su kuma su wuce gaba. Sannan ta jawo wata ƙatuwar kula ta ƙarfe, mai bango biyu, da famfo a ƙasa, da murfi mai roba a baki da ƙugiyoyin da ake dannewa. Ta ce wannan tana riƙe zafi tun safe har yamma, kuma zafin ne ke fito da zaƙin. Ta ce masu sayar da ruwan waken suya ma da ita suke yawo, ba ta masu giya kaɗai ba ce.

Tankari ya buɗe famfon ya rufe. Ya danne ƙugiya, ta ce ƙas. Ya sake buɗewa, ya sake dannewa. Na san an gama.

Ta ba mu ma'aunin zafi gyara, ta taya mu fito da kaya. A bakin ƙofa ta dafa kular ta ce in gaya masa kada abin ya daɗe a ciki. Na gaya masa.

"Ita ta san kunu ko Inna? Inna ta ce ya kwana. Sheshe, lawban!" Wato na gode, mai gida.

Ni kuma wane ni da shiga tsakanin mutum da surukarsa.

Ya haɗa inji da tukunya da faifai ya yi musu ɗauri ɗaya, ya goya kular a baya, muciya a hannu. Haka muka shiga bas, Sinawa suna matsa mana suna kallo, shi yana yi musu murmushi ɗaya bayan ɗaya.

Daga ranar ɗakina ya zama gona. Faifai a ƙarƙashin gado, an lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Tsakanin ɗauri da ɗauri sai ya rugo ya yayyafa ruwa ya koma. Zafin nan da laimar da ke kashe mu, ashe su gero ke so. Wata safiya ya ɗaga tsumma ya kurma ihu har na zubar da shayi.

"Sun hito! Bawana, zo ka gani, sun hito!"

'Yan fararen saiwoyi ne cirko-cirko a jikin kowace ƙwaya. Ya tsuguna yana kallonsu, har da yi musu sannu. Muka shanya su a gaban fanka, ni kuma na yi karatun jarrabawa cikin gumi.

A ƙasa kuwa Hajiya Fasuma ta kusa gama lodi, har ta sayo wa Raliya sabon akwati.

Ranar Alhamis da la'asar muka yi aikin. Rabin geron muka jiƙa, don na dage a bar rabi. Injin ya niƙa shi lukwi da citta da kanumfari, tukunya ta tafasa, Tankari ya tuƙa da muciyarsa har ya yi kauri. Muka jira ya ɗan huce, muka juye a kula, muka zuba ƙullun tsiro. Ƙanshin da ya tashi a ɗakin nan sai da ya tuna mini da gidanmu. Ya danne ƙugiyoyi, ya shafa murfin, ya ce, "Sai da sahe."

Da safen kuma bai buɗe ba. Hajiya ta aiko tun da wuri a zo a ɗaure mata takalman da ta saro, shi kuma ya yi nasa lissafin: in kwana ɗaya na kawo zaƙi, ƙarin wuni ai sai ya fi. Ya ce a bari sai an sauko daga Juma'a.

Muka dawo daga masallaci da rana tsaka, tare da wani Shitu mai sayar da wayoyi, wanda ya biyo ni karɓar caja. Tun daga hawa na biyu na ji wani tsami-tsami. Da na buɗe ƙofa sai ya buge mu gaba ɗaya. Kular tana tsaye a tsakar ɗaki, famfonta yana tsiyaya, murfin yana wani huci siii.

Na ce, "Tankari, kada ka..."

Ina! Ya riga ya ɓalle ƙugiya. Murfin ya yi sama, kumfa ta biyo shi, ta wanke masa farar shaddarsa ta Juma'a, ta bi ta kan littattafaina, ta gangara ƙarƙashin katifa. Raina ya ɓaci iya ɓaci. Na fara zazzaga masa masifa, ban ma san me nake faɗa ba.

Shitu ya shaƙi iska sau biyu, ya ce, "La ilaha illallahu! Wannan ai warin burkutu ne."

Har yau ban tambaye shi inda ya san warin ba. Kafin in juya ya bar cajar ya gangara, kuma bakin Shitu ya fi wayoyinsa saurin kai saƙo. Ba a jima ba muka jiyo salatin Hajiya Fasuma daga ƙasa, tana cewa da geronta, geron furarta, aka yi giya ranar Juma'a.

Tankari ya zauna daɓas a cikin kumfar. Bai damu da shaddar ba, bai damu da Shitu ba. Ya ce a hankali, "Shi ke nan, ta tahi."

Sai muka ji taku a matattakala, a hankali, ana hutawa ana ci gaba. Raliya ce. Matar da ta yi makonni ba ta taka ko bakin ƙofa ba, ga ta dafe da bango, mayafi a toshe da hanci. Ta dubi mijinta, kumfa har a gemu. Ta dubi muciyar da ta kusa kai ta tsawo. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Na zaci kuka ne, ashe dariya ce, har sai da na tura mata kujera.

Da ta lafa ta ce, "Malam, mi ne ne wanga?"

Ya sunkuyar da kai. "Kunun Inna ne. Ta ce a ruhe ya kwana."

"Ya kwana a ina? Inna cikin ƙwarya take barin shi, tsakar gida, da faifai bisa, iska na bugu nai. Kai ka kulle shi cikin ƙarhe kamar ɗan kaso." Ta miƙa hannu ta taɓa cikin kular, ta ɗago da mamaki. "Har yanzu da ɗumi. Tun jiya?"

"Tun jiya," in ji shi, kuma duk da halin da yake ciki sai da na ji alfahari a muryarsa.

Ta sake duba kular. Ta ce a ba ta ƙyallen tata, ta murza. Ta leƙa cikin injin. Ta ɗebi ragowar busasshen tsiro ta tauna ƙwaya ɗaya.

"Kayan ba su da laihi," ta ce. "Masu aikin ne. Abin da ke riƙe zahi haka ba ya son kwana. Akwai sauran gero?"

Na ce akwai rabi, kuma a rubuta cewa Bahaɗeje ne ya hana a ƙarar.

"A jiƙa shi. A wanke wagga kula da ruwan zahi har sai warin ya hita. Kuma kada wanda ya ƙara taɓa komi sai ina nan."

Washegari da safe ta sake hawowa, ta zauna a kujera kusa da taga, robar amanta a gefe, tana ba da umarni. Tankari ya niƙa, ya dama, ta ce bai yi ba, ya ƙara tuƙi. Da aka sauke, ta riƙa tsoma ɗan yatsa tana cirewa. Can ta ce, "Yanzu." Kafin a zuba tsiron, gogan ya faki idonta ya tsoma ma'aunin zafinsa, ya duba inda ya tsaya, ya ƙifta mini ido. Da wannan ma'aunin ya yi ta aiki shekaru bayan nan, lokacin da kununsa ya zagaye gidajen abincin Dengfeng.

Aka juye a kula, aka ɗora murfi, ta hana a danne ƙugiya. Jim kaɗan sai ta ce a buɗe, ta ɗanɗana a bakin cokali, ta ce a mayar. Tankari ya kasa zama. Ya je taga, ya dawo, ya kara kunne a jikin kular. Kafin azahar ta sake buɗewa, ta juya da ludayi. Abin da aka zuba da kauri ya tsinke, yana zuba shar. Ta ɗanɗana, sai ta nuna ƙyallen.

Shi ya tace da hannunsa, ya matse dusar irin matsar da yake yi wa dila. Muka sa kwanon a cikin ruwan ƙanƙara ya yi sanyi. Ya zuba a kofi, ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta kurɓa. Ta rufe ido. Ta sake kurɓa, ta shanye, ta riƙe kofin a cinya. Ni idona yana kan robar nan, shi ma haka. Fanka tana ta juyawa, a ƙasa wani yana ta danna hon. Muka jira, muka ƙara jira. Robar tana nan a bushe.

"Bai kai na Inna ba," ta ce. Ta miƙo kofin. "Ƙaro."

Tana cikin na uku, har ta ce ko akwai sauran burodi, sai ga Hajiya Fasuma ta hawo tana haki, da sabon akwatin a hannu, don ta duba ɗakinsu ba ta ga kowa ba. Fuskar nan a murtuke, ko kallon Tankari ba ta yi ba.

"Raliya, tashi mu haɗa kayanki. Jirgi ba ya jiran kowa."

Raliya ta zuba wani kofin ta miƙa mata. Hajiya ta shinshina da kyau tukuna, ta kurɓa, ta tsaya. Ta dubi burodin da ke hannun yarinyar, ta dubi robar.

"Gwaggo," in ji Raliya, "ki tahi da akwatin hakanan. Ki ce ma Inna ta ciko mani shi da gero."

Hajiya ta daɗe tana kallonta. Ta shanye kunun, ta goge baki da gefen mayafi, sannan ta juya wajen Tankari, karo na farko tun jiya.

"Tiya nawa?"

Sai Tankari ya juya mana baya, ya ɗauki tukunya ya hau wanki, alhali na riga na wanke ta.